Yadda ake korar ƙwayar cutar da ta yi kaka-gida a wurin haɗa yogot da kunun aya

Masu haɗa yogot da kunun aya a Sabon Gari da Samaru a Zariya sun san wannan damuwar: an canja mai kawo madara, an canja ruwa, amma robobi na ci gaba da kumbura kafin kwana biyu. Sau da yawa matsalar ba daga kayan haɗi take ba, a cikin ɗakin take zaune. Ƙwayoyin bakteriya kan manne a jikin ƙarfe ko roba, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da ɗauraya ba ta fitar da shi, su yi watanni har shekaru suna shiga kowane sabon haɗi.

Gara ma mai sa kumburi, ita tana tona kanta. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce Listeriya, domin ba ta canja wari ko ɗanɗano, tana kuma hayayyafa a cikin sanyin firji, ga ta da jawo ɓari ga masu juna biyu. A Afirka ta Kudu, tsakanin 2017 da 2018, ta kama mutum sama da 1,000, ta kashe fiye da 200. Da aka bi diddigi, sai aka gano ta a masana'antar sarrafa nama guda ɗaya a Polokwane.

Da farko ku nemo maɓoyarta. Ku bar tebur mai sheƙi, ku duƙa ku leƙa inda ruwa ke kwanciya: rariya, tsagar siminti, ƙasan firiza inda ƙanƙara ke narkewa in an ɗauke wuta, robar bakin murfi, cikin tiyo, da haƙoran injin markaɗe. Ku shafa yatsa. In kun ji santsi, kun same ta.

Sai kwance inji. Nan ne yawancinmu ke gajiya, a zuba ruwa a kunna shi ya juya, a ce an wanke. Ba a wanke ba. Duk abin da ke kwancewa a kwance shi bayan kowane aiki, a kankare ragowar aya da madara, a goge da buroshi da sabulu da ruwan ɗumi, a ɗauraye. Gugar ce ke fasa yauƙin, babu maganin da zai yi muku wannan aikin.

Bayan nan ne Jik ke shigowa, ba kafin nan ba, saboda maiƙo da ragowar abinci suna kashe masa ƙarfi. In kwalbar ta nuna kashi 3.5 cikin ɗari, ƙaramin cokali ɗaya ya isa lita ɗaya ta ruwan sanyi. A jiƙa kayan su yi kamar minti biyar, a ɗauraye da ruwa mai tsafta. A riƙa haɗa sabo kullum, kuma kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki, yana iya fitar da iska mai guba.

Daga nan a kife komai a kan maratayi ya bushe da kansa. Tsumman nan guda da ake goge tebur da hannu da bakin roba, shi ke mayar da abin da kuka kora.

Rariya kuwa a ware mata buroshinta da bokitinta masu launi daban. Kada a fesa mata ruwa da ƙarfi alhali abinci na buɗe, domin feshin kan tashi da ƙwayoyin ya sauke su a kan mazubi. Katakon da ya tsage, robar da ta ƙarje da soson da ya tsufa, zubar da su kawai za a yi. Na san kuɗi ne, amma tsagar da buroshi bai shiga, Jik ma ba zai shiga ba.

Ku raba ɗanye da dafaffe, ko da labulen leda ne. Dafa madara a zafin digiri 63 na minti 30 yana kashe Listeriya, amma in aka juye ta a bokitin da ɗanyen nono ya kwana, aikin ya koma baya. Takalmin da ya taka kasuwa ma ya tsaya a bakin ƙofa.

Masu ƙuli-ƙuli da tunkuza, naku ya sha bamban. Salmonela, wata ƙwayar bakteriya mai shiga abinci, na iya yin watanni a busasshen wuri tana jiran danshi, don haka shara da gogewa a bushe sun fi muku, ruwa sai in ya zama dole, kuma a tabbata inji ya bushe ƙarau kafin a zuba gyaɗa.

Ido ba zai gaya muku ko kun yi nasara ba. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai sashen nazarin ƙananan halittu, ku je ku tambayi yadda za a gwada muku abin da aka shafo daga rariya da cikin inji, ba yogot ɗin kaɗai ba. In an samu ƙwayar, a tsayar da aiki, a sake wankin tun daga kwance inji, a maimaita gwajin a daidai wurin kafin a koma cika robobi.