Yadda za ku nemo wa mai otizim ko ADHD likitan da ba zai ce sai ya "gyara" shi ba

Ƙanina shekarar sa 17 yanzu, kuma tun yana firamare a Tudun Wada ake ce masa mai taurin kai, wasu su ce sangarta ce, wata gwaggon mu ma cewa tayi iska ce ta taɓa shi don in an tada janareto sai ya toshe kunne ya shige bayan kujera yana jijjiga jiki. An yi rubutu an yi hayaƙi, ba abinda ya canza, sai da ya kai SS1 aka ce mana otizim ne, wato bambancin ƙirar ƙwaƙwalwa da ke shafar mu'amala da mutane da yadda mutum ke jin ƙara ko wari. To daga nan muka shiga wata wahalar, wato samun wanda zai zauna da shi ba tare da ya maida shi kamar rediyon da ya lalace ba.

Da farko ku gane abinda kuke nema. Akwai fahimtar da wata masaniyar zamantakewa ƴar Ostareliya, Judy Singer, ta yaɗa a ƙarshen shekarun 1990, cewa ƙwaƙwalwar mutane ba iri ɗaya Allah ya ƙera ta ba, otizim da ADHD (wahalar tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya) da wahalar karatu duk salon ƙira ne, ba ciwon da ake warkewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da otizim. Ba allurar rigakafi ke kawo shi ba, binciken 1998 da ya yaɗa wannan zancen an janye shi a 2010. Kuma ba ƙwayar da ke cire otizim, duk wanda yace yana da ita kuɗin ku yake so. ADHD dai akwai magani irin Ritalin mai taimakawa wajen tattara hankali, shi ma likita ne kaɗai zai rubuta.

Inda za ku fara a nan Zariya shine sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na ABU dake Shika, ko ku shiga mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya dake Barnawa a Kaduna. Ku tambaya ko akwai saikolojis, don likitan ƙwaƙwalwa ya fi duba ɓangaren magani, shi kuma saikolojis zama da hira ne aikin sa. Kafin ku je ku samu ƴar takarda ku rubuta abinda ke faruwa na sati biyu, yaushe yake rikicewa, me ya faru kafin nan, bacci, abinci. In zai iya rubutawa da kansa yafi. Ku tafi da abin toshe kunne da ruwa da abincin da ya saba, layi yana iya cinye rabin yini.

Ranar farko ku ne kuke yi wa likitan intabiyu, ku sa wannan a rai. Abinda nake kallo shine wa likitan yake wa magana. Wata mata da muka fara gani a wani wuri minti arba'in tana magana da Umma, shi yana zaune kamar buhu, ƙarshe tace "ɗago ka kalle ni" har sau uku, kuma tace a riƙa buge masa hannu in yana kaɗawa. Bamu koma ba. Wanda muke gani yanzu tambayar sa ta farko itace "Malam, me yafi gajiyar da kai a rana?" yaron yayi shiru kusan minti ɗaya, mutumin bai cike masa shirun ba, can sai yace hayaniyar aji da warin turaren ɗan bencin su. Wallahi shekara da shekaru muna gida ɗaya bamu san zancen turaren ba.

Ku tambayi likitan kai tsaye, me kake son ya canza bayan wata shida. In amsar itace ya daina kaɗa hannu ya zama kamar sauran yara, ku ɗauki jakar ku. Kaɗa hannun nan da jijjiga jiki shine yadda yake sauke nauyi, sai dai in yana ji wa kansa ciwo, nan kam a nemo masa wani abin da zai maye gurbi. Mai tilasta kansa ya ɓoye halin sa duk yini a makaranta ko ofis, shine ke dawowa gida a rushe, har ya kai ga ciwon damuwa.

Ƴan mata da manya su ne aka fi tsallakewa. A wajen mu yarinyar da bata kallon idon manya bata son shiga taron biki sai ace masha Allah mai kunya ce, ba wanda zai tambaya ko wahala take sha. Sai tayi aure, ga dangin miji ga baƙi ga girki, sannan komai ya kwance. In ke ce wannan, zaki iya zuwa da ƙafar ki ki yanki kati.

Sai maganar sirri, wadda ba a son taɓowa. Wasu matasan banda wannan suna ɗauke da tambayoyi kan sha'awar su ko jinsin su waɗanda basa iya faɗa wa kowa, kuma da dokar 2014 mai haramta auren jinsi ɗaya da yanayin garin mu, kalma ɗaya in ta fita tana iya jawo duka ko kora daga gida. Kafin a buɗe baki a tambayi likitan me yake rubutawa a folda, wa ke iya gani, me zai faɗa wa iyaye. Na kirki zai ce sai in rai na cikin haɗari zai sanar, kuma ba zai ce zai canza mutum da terapi ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka tun 1990. Ba dole bane a faɗi komai a zaman farko.

Dan Allah kar a kai kowa gidan mari. A Satumbar 2019 sama da mutum 300 ƴan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta tanadi haƙƙin marar lafiya harda sirrin sa. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, Umma har gobe tana tofa masa, likitan ma bai taɓa cewa ta daina ba.

In kuɗin mota zuwa Shika duk sati yayi yawa ku nemi a maida zaman sau ɗaya a wata, a baku abinda zaku riƙa yi a gida. Mu abinda muka samu shine takarda zuwa makaranta, aka maida shi bencin gaba kusa da taga, kuma aka yarda ya fita minti biyar in ajin ya ɗau zafi.