Yadda na gyara intanet a kwamfuta mai Windows da Ubuntu

Kwamfutata ta tafi-da-gidanka tana ɗauke da tsarin sarrafa kwamfuta guda biyu, Windows da Ubuntu, kuma modem ɗin da nake sokawa ta USB yana aiki lafiya lau a Windows, amma da zarar na koma Ubuntu sai ya yi shiru, ko alamar layi babu. Da na rubuta umarnin lsusb, wanda ke jero na'urorin da aka soka ta USB, na ga kwamfutar ta gane shi, sai dai kallon faifan CD take yi masa, domin irin waɗannan modem ɗin haka suke fara bayyana don su girka manhajarsu. Na jona wayata da kebul na samu intanet na wucin gadi, na sake girka usb-modeswitch, wanda ke juya modem zuwa ainihin aikinsa, sannan na rubuta APN, wato sunan mashigar intanet na kamfanin layina, da hannu.

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne ɓacewar Wi-Fi duk lokacin da na kashe Windows na kunna Ubuntu. Ashe saitin Windows mai suna Fast Startup ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, yakan bar katin Wi-Fi cikin wani irin barci. Na kashe saitin a Control Panel, ƙarƙashin Power Options, kuma tun ranar duka ɓangarorin biyu suna hawa intanet.