Kafin ka hau jirgin sama, ka san waɗannan kalmomin

Ranar da na raka goggona filin jirgin Malam Aminu Kano za ta tafi Umara, saura ƙiris jirgi ya tashi ya bar ta, ba don ta makara ba, tana zaune a ciki tun da hantsi da jakarta a cinya, ana ta kiran fasinjoji a lasifika ita kuma ba ta gane da su ake ba. Abin ya tsaya min a rai sosai, shi ya sa nake son mu bi kalmomin nan yadda za ka ci karo da su.

Ita kanta kalmar jirgi tamu ce tun kafin zuwan Turawa, abin da ake ƙetare kogi da shi ne. Da na dogo ya iso Kano a 1911 aka ce jirgin ƙasa, da jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka Kano a 1925 aka samu jirgin sama. Matuƙi ma daga tuƙin kwale-kwale ya fito. Su ma Turawan a wajen masu jirgin ruwa suka aro nasu, kyaftin da kabin duk na teku ne, har bodin ɗin da za ka ji ana ta faɗa, wato shiga jirgi, asalinsa katakon gefen jirgin ruwa ne.

To ka fara da tikitinka tun a gida. Za ka ga haruffa uku-uku, KAN Kano kenan, ABV Abuja, LOS Legas, JED Jidda, MED Madina, NIM Yamai. Lokacin da ke jiki kuma na garin ne, idan an rubuta za ka sauka Jidda 18:00 to ƙarfe shida na yamma ne agogon Saudiyya, wanda ya riga namu da awa 2, kar ka rikita mai zuwa tararka.

Kana isa ka nemi allon da aka rubuta Departures, nan ne na masu tafiya, Arrivals na masu sauka ne. Sai cekin, wato kantar da za ka miƙa fasfo da biza a auna kayanka, yawancin kamfanoni kilo 23 ne babbar jaka, ta hannu wajen kilo 7, abin da ya hau sai ka biya kuɗin ƙari kuma ba arha. Turare ko man shafawa da ya wuce mil 100 ka sa shi a babbar jaka, in ba haka ba kana ji kana gani za a karɓe a wajen bincike. Za su manna wata ƴar takarda mai lamba a bayan fasfonka ko katinka, don Allah kar ka yar da ita, da ita ake neman jaka idan ta ɓace.

Katin da za su ba ka shi ne bodin fas, kuma nan ne goggo ta kusa shiga uku. Lokaci biyu ne, na shiga jirgi da na tashi, ita na tashin ta riƙe. Wanda aka rubuta Boarding shi ne naka, a lokacin ka kasance a ƙofar da aka rubuta lambarta a ƙarƙashin Gate, don ana rufe ƙofa tun kafin jirgi ya motsa. Idan ka ji an ce "final call" tashi da gudu, kiran ƙarshe ne. Seat kuma kujerarka ce, lamba ita ce layi, harafi shi ne gurbi, A kusan kullum jikin taga take.

Taransit shi ne yada zango, kamar yadda fatake ke yi, ka sauka Alƙahira ko Adis Ababa ka jira wani jirgin, mutanen Nijar za su gani an rubuta escale da Faransanci. Ka tambaya tun a wajen cekin ko jakarka za ta wuce kai tsaye ne ko sai ka ɗauke ta a zangon.

A sama kuma idan fitilar bel ta kunnu jirgi ya fara jijjiga, gargada ce kawai ta iska, ɗaura bel ka yi addu'arka ka zauna. Kalmar da matuƙi ke faɗa idan da gaske akwai hatsari ita ce mayday, sau uku a jere, daga Faransanci take, ma'anarta a taimake ni, kuma a rediyo yake faɗa wa masu hasumiya, ba fasinja ba.

Kana sauka ka bi Baggage Claim, ka duba allo ka ga lambar jirginka da bel ɗin kaya mai juyawa inda kayanku za su fito. Ka ɗaura wa jakarka ƙyallen atamfa mai haske tun daga gida, baƙaƙen jakunkuna sun fi ɗari a wajen kuma duk kamarsu ɗaya.