Yadda zaka saurari Baba O'Riley har ka gane labarin da ke bayanta

Ɗan uwa idan kana jin kiɗan rok na Turawa, ko ka taɓa kallon CSI: NY, to ka san wannan waƙar ko da baka riƙe sunanta ba, don da ita ake buɗe shirin. Baba O'Riley kenan, ta ƙungiyar The Who ta birnin Landan, ita ce ta farko a faifansu Who's Next na 1971. Asalinta kuwa mabuɗin wani dogon labari ne na zamani mai zuwa wanda Pete Townshend, mai jita kuma marubucin waƙoƙinsu, ya sa wa suna Lifehouse, yaso ya haɗa fim da faifai da wasan dandali duk a abu ɗaya bayan nasarar da suka samu da faifansu Tommy a 1969, amma aikin ya gagara. Duk wanda yaji waƙar bai san labarin nan ba wallahi rabi yaji.

Da farko dai ka nemo ta da sunanta na gaskiya. Mutane da yawa Teenage Wasteland (wato kufan matasa) suke ce mata saboda amshin da ke ciki, alhali wannan sunan wata waƙar gwaji ce daban da Townshend ya ɗauka, wadda daga baya wasu baitocinta suka koma cikin Baba O'Riley. Sunan da aka sa mata na mutum biyu ne aka haɗa, Meher Baba, malamin nan ɗan Indiya da Townshend yake bi wanda ya daina magana tun 1925 har ya rasu a 1969, sai Terry Riley, makaɗi ɗan Amurka da ya shahara da maimaita ɗan gajeren sauti yana ta juya shi. Ka riƙe na biyun nan, zamu dawo kansa.

Kafin ka kunna, ka san labarin tukuna. A Birtaniya ne nan gaba, iska ta gurɓace, mutanen birni sun kulle kansu a gida suna sanye da wasu riguna da aka jona su da wata babbar hanyar sadarwa da ake ce wa Grid, ta nan ake basu nishaɗi da duk wani abin da zasu ji a rayuwa, kuma masu mulki ne ke riƙe da ita. Kaga fa wannan a 1970 zuwa 1971 aka tsara shi, lokacin babu wanda yake da intanet a gida, shi yasa duk sanda na tuna abin yana bani mamaki. Kiɗan rok ya ɓace. Sai wani mai suna Bobby ya kutsa cikin Grid ɗin yana kiran mutane su cire rigunan su zo Landan wajen wani taron kiɗa na ido da ido. Can Sukotland kuma akwai wani manomi Ray da matarsa Sally, suna noma a wajen wannan tsarin, 'yarsu Mary taji kiran ta gudu Landan, su kuma suka kama hanyar kudu. To muryar da zakaji a waƙar ta Ray ce. Shi yasa take farawa da zancen gona da neman abinci da guminka, shi yasa kuma zakaji ana kiran Sally ana ce mata ta riƙe hannu a tafi.

Yanzu ka sa iyafis mai kyau, kar ka dogara da sifikar waya don zata cinye maka rabin sautin. Ka saurari farkon kawai, wannan sautin da ke gudu yana maimaita kansa kafin fiyano ta shigo. Da yawa suna ɗauka kwamfuta ce, a'a, ogan ce ta gida samfurin Lowrey, Townshend ya murɗa ta kan wani saiti da ke sa kowane sauti ya dinga bugawa da sauri kamar marimba, wani abin kiɗa na katako da ake bugawa da sanduna. Nan ne tasirin Terry Riley yake, in kana so ka tabbatar ka nemo A Rainbow in Curved Air nasa na 1969 ka ji ko minti biyu ne sannan ka dawo, da kanka zaka gane. Kuma sautin yana da aiki a labarin. Burin Townshend shi ne a ɗauki bayanan mutum, tsayinsa da shekarunsa da halinsa, a zuba a na'ura ta fitar da kiɗan da ya dace da shi shi kaɗai, sannan a haɗa na kowa da kowa a wajen taron har su zama sauti ɗaya tak, wanda idan aka kai gare shi duk mutanen wurin sai su ɓace. Wannan tunanin ya samo shi ne daga rubuce-rubucen Inayat Khan, makaɗi kuma sufi ɗan Indiya. Don haka in kana jin farkon waƙar ka ɗauka misalin kiɗan mutum ɗaya kake ji.

Daga nan ka maida hankali kan muryoyi, su biyu ne. Roger Daltrey ke jan waƙar da ƙarfi, amma a tsakiya inda kiɗan ya lafa Townshend ne da kansa yake rerawa da siririyar murya, kuma a wurina nan ne zuciyar waƙar take. Shi da bakinsa ya danganta amshin da abin da ya gani a babban taron kiɗa na Woodstock a Amurka a 1969, matasa birjik ƙwaya ta gama da su. Abin yana damuna in naga ana ihu da wannan amshin kamar na murna, don mutumin takaici yake faɗa.

Kar ka kashe kafin ta ƙare. Gogen da ke shigowa a ƙarshe yana ƙara sauri Dave Arbus ne na ƙungiyar East of Eden ya goga shi, Keith Moon mai ganga ne ya kawo shi. A kan dandali Daltrey yakan maye gurbinsa da busan harmonika, in ka samu bidiyon ka gwada duka biyun.

In ka gama sai ka bi ta da 'yan uwanta da ke cikin Who's Next. Going Mobile tafiyar ce a mota, Behind Blue Eyes an rubuta ta ne don a ji ta daga bakin mugun da ke cikin labarin, Won't Get Fooled Again kuma zancen juyin juya hali ne. Amma wadda bana so ka tsallake ita ce Pure and Easy, ita ce ke bayanin sautin nan guda ɗaya, kuma ba a saka ta a Who's Next ba, sai ka neme ta a Who Came First na Townshend na 1972 ko Odds & Sods na The Who na 1974. My Wife kam ta John Entwistle mai jitar bas ɗinsu ce, bata cikin labarin.

Dalilin da aikin ya tsaya kuwa, a farkon 1971 sun gwada abin a gidan wasa na Young Vic a Landan da niyyar 'yan kallo su shiga labarin da kansu, bai yiwu ba, hatta abokan ƙungiyarsa basu gane inda ya dosa ba, ɗaukar da sukayi a New York ita ma ta watse, Townshend ya shiga mummunar damuwa. Sai furodusa Glyn Johns ya sake ɗaukar waƙoƙin a situdiyon Olympic aka zaɓi masu ƙarfi aka fitar a faifai ɗaya babu labarin. In kana son jin yadda ya fara tsara su shi kaɗai a gida, ka nemi Lifehouse Chronicles na 2000, a ciki har da wasan rediyo da BBC ta watsa a 1999, ko kuma babban kundin Who's Next da Life House na 2023 wanda yazo da littafin labarin cikin zane. Ka fara da gwajin Baba O'Riley marar murya, ya kusa ninka na faifai tsayi, ka zauna ka ji shi har ƙarshe.