Koyon lafiyar ƙwaƙwalwa ta waya: wuraren da muka fi yin tuntuɓe

A unguwarmu a Garwa, mu huɗu na sani da muka shiga darasin lafiyar ƙwaƙwalwa ta intanet: wata malamar firamare, wani mai shagon magani, ladanin masallacinmu, sai ni. Dukanmu masu iyali ne, babu mai halin ajiye aiki ya tafi Yawunde ya zauna a aji. Kowannenmu kuma yana da wani a gida ko a maƙwabta da barci ya ƙaurace masa, ko ya daina magana, ko tramol ya cinye masa ƙuruciya. Ramukan da muka faɗa kusan iri ɗaya ne, shi ya sa nake son mai shirin farawa ya san inda suke.

Na farkonsu tun kafin a buɗe darasi ake afka masa. Talla ce za ta shigo WhatsApp, a ce tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo, cikin sati biyu ka zama ƙwararre har da takardar shaida. Kada ka tura ko dala sai ka san wace jami'a ko ƙungiya ce ta tsaya wa darasin. Ka fara da na kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da darasin QualityRights a intanet, kan lafiyar ƙwaƙwalwa da haƙƙin masu fama da lalurarta, akwai shi da Faransanci, ana ba da shaidar kammalawa. Tana kuma da littafin agajin farko ga wanda tashin hankali ya same shi, wanda ta fitar a 2011 tare da wasu ƙungiyoyi biyu. Dandalin Kaya ma yana da darussa kyauta na masu aikin jinƙai. Waɗannan sun ishe ka wata da watanni.

Sai maganar wuta da data. Yawancinmu mun fara da zafi, awa uku a dare ɗaya, sannan bazara ta shigo, ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya, wuta ta riƙa ɗaukewa, shi ke nan karatu ya mutu. Duk abin da za a iya saukewa, ka sauke shi ranar da sabis ke da kyau. Ka tsayar da minti 20 bayan sallar asuba, kullum. Wanda ya yi haka a cikinmu shi ya fara gamawa.

Akwai wani kuskure da ba a cika lura da shi ba. Mutum zai ci jarrabawa da Faransanci, amma ka ce ya faɗa wa kakarsa abin da ya koya da Hausa ko Fillanci, sai ya yi shiru. Mutanenmu ba sa zuwa da kalmomin littafi. Abin da za ka ji shi ne: tunani ya yi mini yawa, zuciyata ta yi nauyi, jikina duk ya mutu, gabana yana ta faɗuwa, kaina kamar ana hura wuta a ciki. Idan kunnenka bai saba da waɗannan ba, mai ciwon zai zauna gabanka ya tashi ba ka gane komai ba. Ka samu ɗan littafi, duk kalmar da ka koya ka rubuta yadda mutanen gida ke faɗin abin a gefenta. Bayan kowane darasi ka bayyana shi ga wanda bai yi boko ba. Inda ka kakare, nan ne ba ka fahimta ba tukuna.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na maida kai likita, domin ni ma na aikata shi. Wata maƙwabciyarmu ta haihu, aka yi suna, aka watse, ita kuwa kullum kuka. Ba ta cin abinci sosai, jaririn ma sai an miƙa mata. Lokacin ban daɗe da karanta damuwar da ke kama wasu masu jego ba. Na je na samu uwar mijinta a tsakar gida, ga mata biyu suna tsince shinkafa, na ce, "Inna, ai wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne." Kafin la'asar magana ta zagaye layi cewa matar wane ta samu taɓin hankali. Ta daina fitowa ko bakin ƙofa. Mai yiwuwa hasashena daidai ne, amma bakina ya ƙara mata nauyi a kan wanda take ɗauke da shi.

Abin da ya kamata in yi yana cikin littafin nan na 2011, matakai uku: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da inda zai samu taimako. Babu sanya wa ciwo suna a ciki. Da matata na tura ta zauna da ita, ta ce, "Ƙanwata, yaya barci? Me ya fi damunki?" sannan ta yi shiru ta ji. Sa suna aikin ma'aikacin lafiya ne. Shi zai duba ko abin ya kai sati biyu yana faruwa kusan kullum, ko akwai ƙarancin jini, ko wani ciwo ne daban a jiki. Shirin mhGAP na kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 ma an tsara shi ne don likitoci da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci. Karanta shi a waya ba ya ba ka izinin rubuta magani. Ina jaddada wannan ga masu shagon magani musamman, domin su ake fara zuwa wa.

Ga wani haɗari a ƙarƙashin wannan. Mutumin da ya rikice farat ɗaya, yana sambatu, jikinsa da zafi, kada ka tsaya nazarin tunaninsa. Zazzaɓin cizon sauro yana hawa kai, kuma yankinmu yana cikin ƙasashen da sanƙarau ke ɓarkewa da rani. Asibiti za a kai shi a take. Haka mai farfaɗiya: ba ta yaɗuwa ta yawu ko taɓawa, ba a cusa masa cokali a baki, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe. In jijjigar ta wuce minti 5, a nemi abin hawa.

Wasu kuma da sun gama darasi biyu sai su ɗaura yaƙi da iyaye da malamai a kan aljanu da sammu. Ka ce wa dattijo babu iska a jikin ɗansa, ka rufe wa kanka ƙofar gidan, yaron kuma ya rasa ka. Ladaninmu ya fi mu iya wannan. Cewa yake, "Baba, a ci gaba da addu'a, amma mu haɗa da asibiti, ai neman magani ma umarni ne." Sau da yawa an yarda. Inda ba a yin sassauci shi ne ɗaure mutum da mari, duka, hana shi abinci, ko sa shi ya bar maganin da likita ya ɗora shi a kai. Nan za ka yi magana a fili, cikin ladabi, ko da an ji haushinka.

Sirri kuma amana ne. A zauren WhatsApp na ɗalibai na sha ganin an kawo labarin mutum da unguwarsa da sana'arsa don neman shawara. A gari irin Garwa ko Marwa, wannan daidai yake da faɗin sunansa. Ka sauya duk abin da zai sa a gane shi, ko ka bari.

Darasin da aka fi tsallakewa shi ne na kisan kai, don muna jin nauyin maganar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta haka kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar ta hanyar shan maganin ƙwari ne. Mu da ke ƙasar auduga, galan ɗin feshi yana bayan ƙofa a gidaje da yawa. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin. In ya ce e, ba lokacin wa'azin wuta ba ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin feshi da igiya da wuƙa, a sanar da wanda ya yarda da shi, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya ranar.

Ka lura da kanka ma. Wanda ya fito daga wajen Mora, Kolofata ko Mokolo, inda rikicin Boko Haram ya shafa, ko ya yi aiki a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao da aka buɗe a 2013, zai iya cin karo da darasin da zai fama masa tsohon miki. In ka ga barcinka ya lalace bayan wani darasi, ka dakata, ka samu wanda za ka yi magana da shi. Karatun ba zai gudu ba.

Matakin nan na uku, haɗa mutum da taimako, shi ne darussan ƙasashen waje ba za su iya cika maka ba, domin lambobin wayar da suke bayarwa na Faransa ne ko Kanada. Asibitin Jamot da kowa ya sani da duba masu lalurar ƙwaƙwalwa yana Yawunde, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga nan, ba kowa ke da kuɗin motar ba. Tun kana tsakiyar karatu ka taka da ƙafarka zuwa asibitin yanki da na gundumarku, ka tambayi wa ke duba masu irin wannan lalura, wace rana yake zama, nawa ne kuɗin kati, akwai maganin a kantin asibiti ko sai an saya a waje. Ka rubuta amsoshin a shafin farko na littafin nan naka, ka koma bayan wata shida ka sake tambaya, domin ana yi wa ma'aikata canjin wurin aiki.