Yadda Ake Tsarawa da Gina Filin Wasan Harbin Fenti na Cikin Gini a Zariya

Wasan harbin fenti, wanda wasu matasa ke kira fentbol, wasa ne da ƙungiyoyi biyu ke fafatawa da bindigogi masu aiki da matsattsiyar iska, suna harba ƙananan ƙwallaye masu ɗauke da ruwan kala, duk wanda ƙwallo ya fashe a jikinsa kuma ya fita daga wasa. An fara buga shi a shekarar 1981 a Amurka, da bindigogin da tun asali aka ƙera domin sa wa itatuwa da shanu alama. A Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke tara dubban ɗalibai a Samaru da Kongo tun 1962, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da makarantar koyon tuƙin jirgin sama, samun masu wasa ba zai yi wuya ba. Abin da ke da wuya shi ne samar da wurin da ƙwallo ba zai fita ya sami idon ɗan kallo ba, ƙafa ba za ta zame ba, zafi kuma ba zai kori mutane ba. Saboda haka mai niyyar wannan sana'a ya jinkirta sayen bindigogi, ya fara da gini da raga da daɓe, domin su ne ke cin kuɗi, su ne kuma ke da wuyar gyara idan an yi kuskure.

Kafin a taɓa ko bulo ɗaya, a kammala maganar takardu. A yi wa sana'ar rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a tabbatar da takardun fili a KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna, sannan a nemi izinin gini ko na sauya amfanin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Zariya garin sojoji ne, mutanenta kuma ba sa wasa da ganin abin da ya yi kama da makami, don haka wajibi ne a je wurin 'yan sanda da jami'an kwastan da hotuna da bayanin kayan da ake son shigowa da su, a karɓi matsayarsu a rubuce tun kafin a biya kuɗin oda. A kuma kai wa mai unguwa gaisuwa, a bayyana masa abin da za a riƙa yi a wurin da irin ƙarar da maƙwabta za su ji. A ganina, gara a zaɓi bindigogi masu launin ja ko shuɗi a kan waɗanda aka ƙera su yi kama da na yaƙi, kuma kada a bar ko ɗaya ta fita daga harabar.

Filin manyan gasanni yana da tsawon ƙafa 150 da faɗin ƙafa 120, wato kimanin mita 45 da mita 36, kuma da wuya a sami rufaffen gini mai wannan girma a kuɗin haya mai sauƙi. Ba lallai ne a kai nan ba. Tsohon sito mai tsawon mita 30 da faɗin mita 15, irin waɗanda ake samu a wajen Sabon Gari ko Dakace, zai ɗauki mutum biyar-biyar ba tare da cunkoso ba. Abin dubawa shi ne tsayin rufi, wanda bai kamata ya gaza mita 5 ba, da kuma yawan ginshiƙai a tsakiya. Duk ginshiƙin da ba za a iya kauce masa ba, a naɗe shi da soso mai kauri har sama da tsayin mutum, a rufe da tamfol. Kada a cinye ginin duka da filin wasa, a ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu domin wurin karɓar baƙi, ɗakunan canza kaya na maza da na mata daban, ma'ajiya, bayi da wurin sallah.

Zafi shi ne babban abokin gaba a nan. A watannin Maris da Afrilu, sito mai rufin kwano marar sili yakan yi turiri tun kafin azahar, ga shi ɗan wasa yana sanye da riga mai dogon hannu, fuskarsa a rufe, yana gudu. Idan iska ba ta zagayawa, gilashin abin kare fuska yakan yi hazo, mutumin da ba ya gani kuma abu na farko da zai yi shi ne ya ɗaga abin daga fuskarsa, nan ne hatsarin ido yake aukuwa. Don haka a shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwanon, a buɗe tagogi a can sama ta bangaye biyu masu fuskantar juna, a rufe su da raga, a kafa fankoki masu zuƙe iska zuwa waje. Fitilu su zama masu haske sosai, kowace da garkuwarta ta raga, a kuma haɗa wasu daga cikinsu da batir da sola, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wasa, ana riƙe da bindigogi a ɗane, ba ƙaramin abu ba ne.

Sai raga, wadda ita ce ke raba filin harbi da wurin da mutane ke zaune fuska a buɗe. Ragar sauro ko ta kamun kifi ba ta yin wannan aiki. Akwai raga ta musamman da ake saƙawa domin wasan, ita za a nema, a rataye ta daga rufi har ƙasa a kan igiyar ƙarfe, a ɗaure gindinta yadda ƙwallo ba zai bi ta ƙarƙashi ba. Kada a ɗame ta tam, a bar mata ɗan sako-sako, saboda ragar da ke ja da baya idan an harbe ta ita ce ke shanye ƙarfin ƙwallo. Inda ƙyalle biyu suka haɗu, a ɗora ɗaya a kan ɗaya a ɗinke. Bayan an gama a gwada ta haka: a jingina farin kwali a bayanta, mutum ya tsaya nesa da ita kamar mita 5, ya harba ƙwallo goma a wuri guda, sannan a zagaya a duba kwalin. Ɗigon fenti kaɗan ba laifi ba ne, amma idan aka ga ɓawon ƙwallo ya ratsa ya manne, to wannan ragar ba ta isa ba, a ninka ta ko a sauya ta. A ja layi a ƙasa, kamar mita ɗaya da rabi daga raga, wanda 'yan kallo ba za su ƙetare ba.

Ƙofar shiga fili kuwa a yi ta irin tsarin zaure da shigifa, inda wanda ke tsaye a waje ba ya hango tsakar gida. Wato a yi ɗan lungu mai kwana da raga, ƙofar ciki ba ta kallon ta waje, yadda babu miƙaƙƙen layin da ƙwallo zai bi ya fito. A bakin wannan lungu ne alƙalin wasa ke tsayawa, ba ya barin kowa ya shiga sai fuskarsa a rufe, ba ya barin kowa ya fita sai ya ga an sa wa bakin bindiga jakarta mai tare ƙwallo. Ƙofar gudu idan gobara ta tashi daban take, a bar ta tana buɗewa zuwa waje, da na'urar kashe wuta a kusa.

Maganar daɓe tana bukatar natsuwa. Abin da ke cikin ƙwallon ba fentin gini ba ne, wani sinadari ne mai suna PEG wanda ke wankuwa da ruwa, amma yana da santsi ƙwarai, kuma idan aka harba dubbai a kan sumul ɗin siminti, tafiya ma sai ta gagara. Yashi ko dusar katako suna tsotse shi, sai dai suna tayar da ƙura a rufaffen wuri, suna kuma daskarewa su yi wari. Abin da ya fi shi ne a yi daɓen siminti mai ɗan gangare zuwa magudana a gefe, a shimfiɗa ciyawar roba mai gajeren gashi a kai, a ja bututun ruwa har cikin filin domin wanki da tiyo. Wanda ke gudun wannan wahala yana iya amfani da ƙwallayen roba marasa fenti, waɗanda ake tsincewa a wanke a sake harbawa, kodayake da su sai an dogara ga gaskiyar ɗan wasa da idon alƙali, tunda ba sa barin shaida.

Shi ƙwallon fentin, ɓawonsa na jelatin ne, jelatin kuwa ana samun sa daga fata da ƙashin dabbobi, har da alade. Tunda yakan fashe a jiki da tufafi, ya dace mai fili ya tambayi dillalinsa asalin jelatin ɗin a rubuce, domin masu wasa za su tambaye shi. Ajiyarsa ma sai da kula: sanyin hunturu da bushewar iska suna sa ɓawon ya yi gautsi ya fashe a cikin bindiga, laimar damina kuma tana sa shi ya kumbura ya yi taushi. A ajiye shi a rufe cikin ledarsa, a ɗaki mai matsakaicin sanyi da rana ba ta shiga, a riƙa juya kwalayen lokaci-lokaci. Ga ƙaramin fili, ƙaramin ƙwallo mai lamba .50 ya fi dacewa a kan babba mai lamba .68 da aka saba da shi, saboda ya fi sauƙin zafi a jiki, ya kuma rage ƙazantar daɓe.

Tsara maɓoya shi ne ɓangaren da ya fi daɗi, shi ya sa mutane ke gaggawar farawa da shi. A raba filin biyu, duk abin da aka ajiye a wannan rabi a ajiye irinsa a wancan, a kafa babbar maɓoya a tsakiya yadda ƙungiyoyin ba za su hangi juna daga wurin farawa ba. A gauraya dogaye da ake tsayawa a bayansu da gajeru da ake durƙusawa, a bar tazarar taku huɗu zuwa shida a tsakaninsu. Kafin a kira kafinta, a zana wuraren da alli, a jera kwalaye, a sa matasa su yi gudu a ciki, mutum ya tsuguna a bayan kowane kwali ya ga abin da ake hangowa daga nan. Idan akwai wurin da mutum ɗaya zai iya tsare filin duka, a gusar da shi. Maɓoya masu hurawa da iska sun fi sauƙin wanki da sauyin wuri, amma gangunan roba da katakon da aka goge gefensa suna aiki, muddin babu ƙusa ko kaifi a waje. Tsofaffin tayoyi suna tara fenti da sauro a cikinsu, gara a bar su.

Wurin cika iska a ware masa ɗaki mai kulle, nesa da zirga-zirga. Tukwanen iska na bindiga suna ɗaukar matsin iska na psi 3000, wasu 4500, abin da injin mai faci ba zai taɓa kaiwa ba, don haka sai an sayi kwamfaresa ta musamman, an kuma horar da wanda zai riƙa cikawa. Kada a kuskura a zuba iskar oksijin ta masu walda a tukunya, kada kuma mai ko giris ya taɓa bakin cikawa, domin duka biyun suna iya haddasa fashewa. Kowace tukunya tana da kwanan watan gwaji a jikinta, a riƙa dubawa.

Kusa da ƙofar fili a yi ɗan keji na raga inda za a ajiye na'urar auna gudun ƙwallo. Iyakar da aka amince da ita a wasan ita ce ƙafa 300 a daƙiƙa, kimanin mita 91, amma a cikin gini, inda ake harbi kusa da kusa, a sauko da shi zuwa 250 ko ƙasa da haka, a kuma hana harbin wanda bai kai nisan mita 3 ba. A auna kowace bindiga da safe, a sake aunawa da rana idan wuri ya ɗumama. Abin kare fuska ya zama mai ɗauke da shaidar inganci ta ASTM F1776, mai gilashi biyu da ke rage hazo, a wanke shi bayan kowane mai wasa, duk wanda gilashinsa ya tsage kuma a cire shi daga aiki nan take. Kafin ranar buɗewa, a gayyato ƙungiyoyi biyu su buga wasan gwaji ba tare da 'yan kallo ba, a sa mutum ɗaya sanye da abin kare fuska ya zagaya bayan raga yana duba bango da ƙasa, duk inda ya ga tabon fenti a wajen fili a sa alama, a toshe kafar kafin a karɓi kuɗin kowa.