Laftof ɗin gem ko kwamfuta ta girke: abin dubawa kafin ka fitar da kuɗi

Kafin komai, tambayi kanka ko wannan kwamfutar za ta riƙa barin teburinka. Idan ɗalibi ne kai mai kai-komo tsakanin ɗaki da aji, ko aikinka na tafiye-tafiye ne, laftof za ka saya, sauran magana kuma ta yadda za ka zaɓi mai kyau ce. Idan kuwa wuri ɗaya za ta zauna, kuɗin da za ka zuba a laftof zai haɗa maka ta girke wadda ta fi ta ƙarfi da daɗewa, saboda wuta da zafi.

Katin hoto, wato GPU, shi ne ke ɗauke da yawancin nauyin gem (wasan kwamfuta), kuma a nan masu saye suka fi ruɗuwa, domin suna ɗaya ake liƙa wa kaya biyu mabambanta. RTX 4090 na kwamfutar girke yana da ƙwayoyin aiki 16,384 da ma'adanar hoto ta GB 24, yana jan wuta har wat 450. Takwaransa na laftof ƙwayoyi 9,728 gare shi da GB 16, ba ya wuce wat 175. A gaskiya ɗan'uwan RTX 4080 na girke ne, aka rage masa wuta don kada ya dafa laftof ɗin. Haka RTX 4070: na girke GB 12 ne, na laftof GB 8, kuma GB 8 ta fara yin kaɗan a sababbin wasanni idan aka ƙure ingancin hoto.

Ko tsakanin laftof da laftof ma akwai wannan tarkon. RTX 4060 na laftof ana iya saita shi daga wat 35 har zuwa 115, gwargwadon abin da kamfanin ya ga jikin na'urar zai iya sanyayawa. Biyu za su zo da tambari iri ɗaya a kwali, siririyar cikinsu ta riƙa ja da baya sosai a wasa ɗaya. Don haka ka nemi adadin wat ɗin da aka ware wa katin hoto, wanda ake rubutawa TGP, a takardar bayanin na'urar. In ba ka gan shi ba, ka nemo shi a shafin kamfanin kafin ciniki ya faɗa.

Duk wutar da ta shiga, zafi take komawa. Ta girke tana da fankoki masu faɗin milimita 120 ko 140 da sarari mai yawa, ita kuwa laftof ƙananan fankoki biyu ne da siraran bututun tagulla, sau da yawa furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da katin hoto suna raba su. Da furosesa ta kai wajen digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudu da kanta don kare kanta. Za ka gane haka idan wasa ya fara sumul, bayan minti ashirin ya soma sarƙewa, fanka na ƙugi, saman kibod ya yi zafin da yatsa ba ya son daɗewa a kai. Kada a ɗora laftof a kan katifa ko bargo, domin ta ƙasa take shaƙar iska. A ɗaga bayanta da ɗan abin tokare. Duk bayan wata uku zuwa shida a buɗe murfin ƙasa a hure ƙura, a riƙe fankar da yatsa yayin hurawa don kada ta yi juyin da ya wuce ƙima. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya kuma yana bushewa, bayan shekara biyu ko uku yana son canji.

Batir ba don gem aka yi shi ba. Kusan babu laftof da batirinta ya wuce wat-awa 99.9, saboda iyakar 100 da aka sa wa batirin da za a shiga jirgin sama da shi ba tare da izini ba. Na'urar da ke jan wat 200 kuwa ba za ta yi nisa da wannan ba, shi ya sa da ka zare caja take rage ƙarfinta, kuma duk da haka awa ɗaya zuwa biyu ne. Cajar ma kaya ce: mai wat 230 zuwa 330 takan kusa kilo ɗaya, ga laftof ɗin kilo biyu zuwa uku. Idan kullum a jone za ta zauna, ka shiga manhajar kamfanin ka tsayar da caji a kashi 60 ko 80 cikin ɗari. Batirin da ke cike kullum cikin zafi shi ne ke kumbura har ya turo faifan linzami sama, kuma da ka ga haka a daina amfani da ita sai an canza shi.

Wajen ƙari da gyara ta girke ta yi nisa. A laftof, furosesa da katin hoto a liƙe suke da dalma a jikin madabod, babban faifan da ke haɗa dukkan sassan, in ɗaya ya mutu ko ya tsufa sai dai a canza madabod ɗin gaba ɗaya. Abin da ya rage maka RAM ne (ma'adanar aiki ta wucin gadi) da SSD (ma'adanar fayiloli), wasu siraran ma RAM ɗin a liƙe yake. Ka tabbatar akwai ramukan RAM biyu da ramin M.2 na biyu don ƙara SSD, kuma in RAM ɗin GB 16 ce ta zo a sanda biyu ta 8, domin sanda ɗaya tak tana rage gudu. A ta girke kowane ɓangare ana kwance shi da sukuddireba. Wanda ya sayi madabod mai mazaunin furosesa na AM4 a 2017 don furosesar Ryzen ta farko, a yawancin lokuta ya iya ɗora Ryzen 7 5800X3D na 2022 bayan sabunta BIOS, wato manhajar madabod, kawai.

Sai dai lissafin ta girke bai tsaya a akwatin ba. Akwai monita, kibod, linzami, lasifika ko abin kunne, da UPS mai riƙe wuta idan tana yankewa, alhali laftof da allonta da batirinta take zuwa. Kada ka yi tsimi a kan na'urar raba wuta, PSU: Nvidia, mai ƙera katunan RTX, wat 650 ta ba da shawara ga RTX 4070, 850 ga RTX 4090, kuma mai arha mara suna in ta ƙone takan tafi da wasu sassan.

Kurakurai uku ne suka fi yawa ranar haɗa ta girke. Ana jona wayar monita a ramin madabod maimakon na katin hoto, sai katin ya zauna ba aiki. Ana manta kunna saitin gudun RAM, XMP ko EXPO, a BIOS, sai RAM ya tsaya a ƙaramin gudunsa. Ana sayen monita mai 144Hz, wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, a bar Windows a kan 60Hz wata da watanni, alhali a saitin allo ake canzawa. Katunan da ke amfani da sabuwar wayar wuta mai fil 16 kuma a tura ta har sai ta yi ƙas, babu rata ko kaɗan, domin wadda ba ta shiga sosai ba tana iya narkewa.

Idan laftof ɗin ce dai ta zama dole, ka nemi mai MUX, wanda ke haɗa allo kai tsaye da katin hoto ba sai hoton ya bi ta cikin furosesa ba, sannan ka fifita mai ɗan kauri a kan siririya. A gida ka jona mata monita da kibod na waje, ka bar murfinta a buɗe, tunda wasu ta tsakanin maɓallan kibod suke jan iska.